Matosan Sarewar Kofur Tsoho

Sunansa na yanka Abdullahi, amma sunan kakansa ya ci, uwarsa kuwa ba za ta buɗe baki ta faɗi sunan surukinta ba, shi ya sa tun yana zanin goyo ake ce masa Tsoho. Da tsufan gaskiya ya iso shi babu wanda ya lura a garinsu Beli, har shi kansa.

Gidansu gidan noma ne, dawa da gyaɗa, tun kaka da kakanni. Tsoho kuwa shi da fartanya gaisuwar nesa suke yi. In an je gona 'yan'uwansa su yi nisa cikin kunya, shi yana gindin kuka yana huda kara yana busawa. Ubansa ya yi duka har hannu ya gaji, ya koma faɗa har baki ya gaji, ya koma addu'a. Da aka zo ɗaukar soja Tsoho ya bi mota, aka ce madalla, ko banza can za su koya masa aiki. Ashe can ma busa ya tafi yi. Duk shekarun da ya yi cikin kaki bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Badujala aka sa shi, aka miƙa masa kilarinet, wadda mutanen Beli da suka ganta suka raɗa mata baƙar sarewa.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, sanda ce ta baƙin itace, an jera mata fararen ƙarafa a jiki kamar amaryar da aka tara wa awarwaro. Ramukanta sun fi yatsun mutum yawa, don haka wasu ramukan maɓallan ƙarfe ne ke rufe su. Kowane maɓalli yana da ɗan koko a ƙarshensa, cikin kokon an manna ɗan matoshi mai laushi, shi ke zama a bakin rami ya hana iska zurarewa. Matoshi guda in ya ƙi zama daidai, shi ke nan, sarewar da ke sa janar ya ƙame sai ta koma kukan agwagwar da aka taka. A bariki Tsoho ya koyi busa, a barikin kuma ya koyi gyara wajen wani tsohon saje, kuma da gyaran ya fi yin suna.

Ya dawo gida da igiyar kofur, da sarewarsa a akwati, da gwangwanin kayan aiki, da matarsa Lantana. 'Yar gwaggonsa ce, kuma ɗaurin aure bai sa ta bar wasan taubasantaka ba. Ba ta faɗin sunansa, amma yadda take jan "Kofuuur" gara a ce sunan ta faɗa.

A Karaye akwai Ɗanmaliki, tsohon sajan 'yan sanda, wanda ya tattara tsofaffin kayan busa na gwanjo ya kafa badujala. Suna zuwa wasannin makarantu, da biki, da taron 'yan siyasa in an kira su. Babbar ranarsu dai ita ce ta macin 'yan makaranta a filin Karaye, ranar tunawa da samun 'yancin kai. Baƙaƙen sarewa uku gare su: ta Tsoho, da ta Mu'az tela, da ta Shitu mai faci. Gurbin Tsoho shi ne sahun gaba, hannun dama, gefen da ke kallon rumfar manya. Tun da aka kafa badujalar ba a taɓa yin macin nan babu shi a wannan gurbi ba. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi ma sai da ya tashi ya je, ya busa, ya dawo ya ci gaba da zazzaɓinsa daga inda ya tsaya.

Matosan kamfani sai an je Kano, kuma in an je ba lallai a samu daidai ba, saboda haka Tsoho da hannunsa yake yin nasa. Kwanson harsasai masu faɗi daban-daban ya taho da su daga bariki, ya wasa bakinsu, da su yake yanke matoshi ya fito a zagaye. Bai san awon bature ba, bai kuma nemi sani ba. Ƙanana na can sama wake yake ce musu, na tsakiya gyaɗa, manyan nan huɗu na ƙasa kuwa ɗinya. Ciki yakan sa kwali, ya ɗora ɗan yankin hular dara don laushi, sannan ya lulluɓe. Abin lulluɓin ne ake rigima a kai. Na sama, inda tururin baki ke taruwa ya zama ruwa, tantanin hanjin akuya yake sa musu, wanda ya wanke ya shanya har ya yi shara-shara, don ba ya shan ruwa. Na ƙasa, da ke buƙatar abin da zai daɗe, fatar ɗan akuya ce da majema suka jeme ta yi taushi kamar kunnen jariri. Yakan ce faɗi ya cika koko ba tare da an danna ba, kauri kuma kada ya wuce ƙima, don matoshi in ya yi kauri bayansa ke fara taɓa rami, gabansa ya bar kafa. Wannan magana ya faɗe ta har akuyar gidan ta haddace.

Darar da ya yi ango da ita ce ta fara tafiya, sai ta babansa. Ranar da Lantana ta ga ta angon ta zama rariya, ta ɗaga ta ta leƙa shi ta cikin huda.

"Kofuuur, saura rigar. In ka gama da ita ga zanen lefena nan."

"Ke ba ki san darajar sana'a ba."

"Na sani mana. Sana'ar da ta cinye hular aure ai ba ƙaramar sana'a ba ce."

Sarewarsa kaɗai ce ba ta san hular dara ba. Ita matosan kamfani gare ta tun daga wake har ɗinya, farar fata, waɗanda ya ɓoye tun bariki ya sa mata bayan ya yi ritaya. Ko ƙuda bai yarda ya sauka a kansu ba.

Yadda yake gwada aiki kuwa duk Beli an sani. In ya gama gyara sai ya tsaya a ƙofar zaure, ya rufe ramuka duka, ya ɗauki murya mafi ƙasa, wadda ba ta fita sai kowane matoshi ya zauna. Da numfashi guda zai taka irin takun maci har gindin darbejiyar da ke bakin rijiya. In muryar ta kai bishiya, aiki ya yi. In ta mutu a hanya, akwai inda iska ke zurara. Lokacin ƙarfinsa yakan wuce darbejiyar, ya zagaya rijiya, ya tsaya ya kalli masu ɗiban ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya dawo zaure muryar ba ta ko girgiza ba. An ce har kajin garin Falgore in sun ji sukan fasa yin ƙwai sai ya gama.

In kuwa muryar ta mutu, sai ya kunna taba, ya toshe gindin sarewa da tsumma, ya zuƙi hayaƙi ya hura ciki, ya ga ta wane maɓalli zai ɓullo. Har gobe Tsoho zai rantse maka bai taɓa shan taba ba, aiki yake yi da ita. Sai dai aikin nan ba ya yankewa. Ko babu sarewar gyara a gidan, za ka gan shi bayan zaure yana gwajin iska.

Tarin ya daɗe da shi, tun ana ce masa sanyi ne har aka daina ce masa komai. A daminar bara tarin ya canza murya, ya koma can ƙasa kamar ana jan galan a kan tsakuwa. Tsoho ya bar zuwa gona da sunan ciwon gwiwa, babu wanda ya yi mamaki, don da ma ba zuwan kirki yake ba.

Da maci ya ƙarato, Ɗanmaliki ya aiko masa da sarewar Mu'az da ta Shitu a duba, kamar yadda aka saba kowace shekara. Mu'az ya ce a gaya wa Kofur tasa lafiyarta ƙalau, a goge ta kawai a sa mata mai.

Tsoho ya goge, ya sa mai, ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗauki muryar ƙasa. Bai kai rabin hanya ba ta mutu. Ya tsaya yana haki, ya kalli sarewar kamar ta zage shi.

"Lafiya ƙalau! Tela ne zai gaya mini lafiyar sarewa?"

Ya hura mata hayaƙi, hayaƙi bai fito ta ko'ina ba. Ya ce to kafar ta yi ƙanƙanta ne har hayaƙi ba ya iya bi. Ya kunna kyandir, ya gasa kokunan ƙasa har gam ya narke, ya ɓamɓare ɗinyoyin nan huɗu, waɗanda shi da kansa ya sa su bara, ya yar. Ya yanka sababbi, ya manna, ya daidaita, ya fita. Ta mutu kafin inda ta mutu ɗazu.

Ya ajiye ta ya ɗauki ta Shitu. Ita ma haka. Ya ce wannan kuma cutarta a sama take, ya bi wake da gyaɗa ya tsige su tas.

Daga nan aka shiga abin da Lantana ta kira yaƙin duniya. Ya ce fatar ta yi siranta, ya ninka. Ya ce darar ta kwanta, ya ƙara kauri. Ya ce faɗin ne bai cika ba, ya ɗauki kwanson da ya fi girma ya yanka ya danna da ƙarfi har matoshi ya kumbura ya fito kamar kurji. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wa'azin kada kauri ya wuce ƙima, shi ne yanzu yake cusa wa koko abin da ya kusa kai ƙosai. Da tantani ya ƙare ya je wajen mahauta ya karɓo hanji, amma rana ta ƙi fitowa, hanjin ya ƙi bushewa, ya yi warin da maƙwabta suka aiko tambaya ko wani abu ya mutu. Ya gwada robar tayar keke. Ya gwada silifa. Sauran darar da ke gidan ta ƙare, fatar majema ta ƙare, gwangwani ya koma babu komai sai kwanson harsasai. Sarewun da suka zo da lafiyarsu yanzu kam da gaske suke zurara, ko ƙofar zaure ba sa bari a bari.

Abin da bai gaya wa kowa ba, ya gwada tasa, mai matosan kamfani, ita ma ta mutu a hanya. Ya daɗe a zaune da ita a cinya. Daga baya ya ce damina ce ta shiga itacen.

Lantana ce ta tsinci tsumman da yake goge baki da shi, da jini a jikinsa. Ta same shi a zaure da hantsi, ya baje ƙarafa a farantan tuwonta, ta miƙa masa tsumman ba tare da ta ja sunan ba.

"Kofur, wannan fa?"

"Dasashina ne. Bakin sarewa ya kankare ni."

"Dasashin da ke tari? Na kwana nawa ina jin ka. Ka tashi mu je asibiti."

"Bayan maci."

"Macin da wa zai yi? Jiya daga masallaci zuwa nan sai da ka dafa katangar Malam Sulle, na gan ka ta kan danga."

"Gaisawa muka yi."

"Da katangar?"

Ya ɗauki sukudireba ya shiga kwance abin da ya riga ya kwance.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Ɗanmaliki a kan babur, ya goyo Mu'az, don an yi ta aike babu amsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, ina gajiya, ina iyali, yaya damina, yaya mutanen Karaye, yaya ƙoƙari. Duk gaisuwar nan idon Ɗanmaliki yana kan farantan tuwo. Da aka kai ƙarshe ya nuna su da leɓe.

"Kofur, wannan kayan gwangwan na waye?"

"Naka ne, Saje. Ga ta Mu'az, ga ta Shitu."

Mu'az ya leƙa faranti ya ga maɓallansa a zube, wani koko da silifa a ciki. Ya ce, "Innalillahi. Baba Kofur, mai fa na ce a sa mata."

"Kai rufa mana baki, kai da ko zip ba ka iya sawa ya miƙe. Saje, bana wata irin iska ce ta shiga kayan nan. Ruwa ya yi yawa, itace ya sha, ramuka sun karkace. Ba naku kaɗai ba, har tawa ta kamu."

"Taka? Mai matosan bature?"

"Zo ka gani da idonka."

Ya buɗe akwati ya haɗa ta, ya jiƙa harshen goran da ke bakinta, ya tsaya a ƙofar zaure ya gyara kafaɗa. Muryar ta fito da kyau, mai kauri, irin wadda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Ya ɗaga ƙafa ya fara taku. Bai wuce turken akuya ba ta fara rawa, ta sirance, ta yanke. Tari ya biyo baya, ya duƙar da shi har sai da ya dafa gwiwa. Ɗanmaliki ya karɓi sarewar kada ta faɗi. Da tarin ya lafa Tsoho ya ɗago, ido ya yi ja, ya nuna ta da yatsa.

"Ka ji ko? Zurara take."

Ɗanmaliki ya juya sarewar a hannu, ya kalli Mu'az. Mu'az ya sunkuyar da kai, sannan ya ce a hankali, "Baba Kofur, in ka yarda in ɗan taɓa."

Babu bakin da ya taɓa hawa sarewar nan sai na mai ita. Amma a gaban Saje ne, kuma shi ya ce a zo a gani. Ya kaɗa hannu.

Mu'az ya goge bakin da gefen rigarsa, ya tsaya inda Tsoho ya tsaya, ya ɗauka. Ya wuce turken akuya. Ya wuce inda ake shanya gyaɗa. Ya isa darbejiya muryar tana nan daram, har ya tsaya a gindinta bai san abin da zai yi da sauran numfashin ba.

"Gudu ka yi," in ji Tsoho. "Wannan ba takun maci ba ne, takun mai bin bashin ɗinki ne. Sake."

Mu'az ya dawo ya sake, a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Ya kai. Matan da ke rijiya suka tsaya da guga a hannu suna kallo.

Tsoho ya koma tabarma ya zauna, ya jawo farantin Mu'az gabansa, ya ɗauki kokon nan mai silifa yana juyawa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗinyoyin da na cire mata," ya ce, "lafiyarsu ƙalau ke nan."

"Sai haƙuri, Kofur," in ji Ɗanmaliki. "Jiki ne. Kowa da ranarsa."

"Na zubar da su a bola."

Ɗanmaliki mutum ne mai son a gama magana. Ya ce abin da za a yi, Mu'az ya riƙe ta Kofur ya yi maci da ita, Shitu kuma a ba shi faifan ƙarfe ya riƙa bugawa, da ma hannun faci ne. Sarewa ɗaya ta fi babu. In an kwana biyu a aika Kano a nemo matosai.

Tsoho ya girgiza kai. "Sarewa ɗaya a gaban ganguna? Ko sauro sai ya fi ta amo. Ta Mu'az manya take nema, ta Shitu ƙanana. Kamfaninsu ɗaya da tawa, kokunan ɗaya ne. Tawa tana da duka."

"Ka kwance taka?"

"Mu'az, miƙo kyandir. Kuma ba inda za ka, bakinka nake so."

Ranar ce Lantana ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba, ba ta kuma son ta sake gani. Ya gasa kokunan sarewarsa ɗaya bayan ɗaya, wuta kaɗan don kada fatar ta ƙone, ya zaro kowane farin matoshi da bakin allura ya jera a kan tsumma, wake da wake, gyaɗa da gyaɗa, ɗinya da ɗinya. Ya kankare silifa da robar taya daga na mutane. Kowanne ya manna sai ya zura siririn zaren kaset a ƙarƙashi, ya rufe maɓalli, ya ja ta gaba, ya ja ta baya, ya ja ta gefe, har sai ya ji riƙon ya zo ɗaya. In ya gama sai ya miƙa wa Mu'az ba tare da ya ɗago ba, Mu'az ya fita ya taka zuwa darbejiya, shi kuma ya karkata kunne daga tabarma.

"Dawo. Gyaɗar hagu ba ta zauna ba."

Kafin la'asar sarewu biyu suka tashi. Ta uku tana kan tabarma, maɓallanta duk a jiki, kokuna wayam. In ka taɓa su sai ƙarfe ya bugi itace, ƙwas, ƙwas.

Da za su tafi Ɗanmaliki ya tsaya a bakin babur yana sosa ƙeya. Ya ce, "Kofur, gurbinka fa yana nan. Ka zo ka shiga sahu ka riƙe ta a baki, ka motsa yatsu. Cikin ganguna wa zai sani?"

"Ni? In yi wasan yara a gaban jama'a? Saje, in ba don girmanka ba da na faɗi magana."

Ranar maci da sassafe ya sa Lantana ta goge masa kaki da dutsen guga. Ta ce ba za ta goge ba, ta goge. Wando ya yi masa yawa har sai da aka ƙara huda a bel. Ya hau bayan ɗan acaɓa da akwati a cinya, suka kama hanyar Karaye.

Fili ya cika, 'yan makaranta sahu-sahu, masu rake da masu ƙanƙara sun kewaye. Ɗanmaliki ya gan shi, ya matsar da Mu'az hagu. Tsoho ya tsaya a sahun gaba, hannun dama. Aka buga babbar ganga, aka ɗaga ƙafa. Ya sa sarewa a baki, yatsunsa suna bin waƙar daidai, ba kuskure ko ɗaya, kokuna suna ƙwas ƙwas a ƙarƙashinsu, shi kaɗai ke ji. A gefensa sarewar Mu'az tana fitar da muryar da ya sani tun bariki.

Bai busa komai ba, tafiya kawai yake, amma tafiyar ma ta fi ƙarfinsa. Tun kafin kwanar farko ƙirjinsa ya ɗaure. Ya cire sarewa daga baki don ya sami iska, ya mayar, ya sake cirewa. Ƙafarsa ta saɓa da ganga. Mai kakakin da ke bayansa ya taka masa dunduniya. Rumfar manya tana can gaba, yana hango farar hular shugaban taro, ya san ba zai kai ba. Don kada ya faɗi a tsakiya a tattake shi a ɓata sahu, ya ratse dama, ya fita daga layin farar ƙasa, ya zauna daɓas a cikin ɓawon rake.

Mu'az ya waiwayo sau ɗaya. Ɗanmaliki ya ɗaga sanda, Mu'az ya matsa dama ya cike gurbin, badujala ta wuce. Wata mai sayar da ruwa da ba ta san shi ba ta ce, "Baba, ja da baya, 'yan firamare na tafe," ta kama shi ta hammata ta ja shi gindin katanga.

Washegari Lantana ta kai shi asibiti, bai yi gardama ba. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton a taga ya yi bayani mai tsawo, ya tambaya ko yana shan taba. Tsoho ya buɗe baki, Lantana ta ce, "Yana sha." Aka ba shi magunguna da wani abin fesawa a baki, aka ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa saura.

Yana nan a Beli. A zaune yake salla yanzu, masallaci kuwa sai Juma'a, shi ma a kan babur. Makarantu sun daina aiko masa da gyara, Ɗanmaliki Kano yake kai nasa. Kwanakin baya wani malamin makaranta daga Rogo ya zo neman sayen sarewar don ɗalibansa, ya ce ko a haka zai ɗauka, ya san inda zai kai a gyara. Lantana ta shiga ɗaki ta gaya masa. Tsoho ya daɗe yana tara numfashin da zai yi magana da shi, sannan ya ce a ba malam haƙuri, ba za a fitar da ita tsirara ba, ya bari sai ya ji sauƙi ya sa mata matosai tukuna.